Salon maganar Turanci: me ya sa sanin kalmomi kaɗai ba ya kai mutum ga ma'ana?

A jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya roƙi 'yan Najeriya su ƙara haƙuri da sauye-sauyen tattalin arziki, ya ce an fara hango "light at the end of the tunnel". Da shekara ta zagayo, a jawabin cikar ƙasar shekara 65 da samun 'yancin kai, sai ya ce a yanzu an "turned the corner". Wanda ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai ji ana zancen haske a ƙarshen wani dogon rami, da kuma shan kwana. Abin da ake nufi a maganar farko shi ne wahala ta kusa ƙarewa, a ta biyu kuma an wuce wuri mafi tsanani, an kama hanyar sauƙi. A kunnen Bahaushe kuwa, wanda ya sha kwana ya kauce ne ko ya sauya magana.

Irin waɗannan maganganu sun cika jawaban shugabanni da kanun jaridu da takardun jarrabawa da wasiƙun ofis. Kuma nauyinsu ƙaruwa zai yi. A watan Nuwamba 2025 ministan ilimi na Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, Turanci ya koma harshen koyarwa tun daga matakin farko. A Nijar ma, kundin da gwamnatin soja ta fitar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Mene ne salon magana?

Turawa na kiransa "idiom". Jerin kalmomi ne da suka daɗe suna tafiya tare har suka haifi wata ma'ana wadda ba ta cikin ko ɗayansu. Hausa cike take da shi. In an ce wane yana da dogon hannu, an san ɓarawo ake nufi. Mai farin jini, jininsa ja ne kamar na kowa. Ana cin amana, ana kashe aure, ana shan kunu babu koko babu ludayi, ana ja wa yaro kunne ba a taɓa kunnen nasa ba. Yaron da ya tashi a Kano ko Damagaram ya sha waɗannan tun a goye, don haka ba ya jin wuyarsu. Haka yaron da ya tashi a Landan yake da nasa. Wahalar tana kan wanda ya koyi harshen a aji, daga littafi, kalma bayan kalma.

Ya bambanta da karin magana. Karin magana cikakkiyar jimla ce mai ɗauke da hukunci, kamar "a bar kaza cikin gashinta". Salon magana kuwa guntu ne da ake sakawa a cikin jimla, ya bi lokaci da mai aikatawa: ya ci amana, za ta ci amana, sun ci amana. A Turanci "a stitch in time saves nine" karin magana ne, daidai da cewa a yi wa tufka hanci tun da wuri, amma "spill the beans", wato fasa ƙwai ko tona asiri, salon magana ne.

Abu biyu ne ke sa shi wuya. Na farko, ba ya yarda a taɓa kalmominsa. Kamar yadda ba a cewa ɓarawo yana da "dogon yatsa", haka "kick the bucket", wadda ke nufin mutuwa, in aka sauya bokitin da wata kalma mai ma'ana ɗaya, sai ta koma shurin bokiti kawai. Na biyu, wasu ana iya cankar ma'anarsu, wasu ba a iyawa. Mai hankali zai gane cewa "we are in the same boat" na nufin matsala ɗaya ta haɗa mu. Amma babu dabarar da za ta nuna wa baƙo cewa "under the weather" na nufin jiki ba daɗi, "a piece of cake" abu mai sauƙin gaske, "once in a blue moon" kuma abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Akwai kuma wasu ƙanana da suka fi waɗannan yawa a bakin mutane, su ne aikatau da aka liƙa wa ƙaramar kalma. "Put off" ɗagewa ce, "put up with" jurewa, "put out" kashe wuta. Ɗaliban jami'a sun san darajar wannan bambanci: in ƙungiyar malamai ta ce ta "called off" yajin aiki, ta janye shi ke nan, in kuwa ta ce "suspended", ta dakatar ne kawai, tana iya komawa. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 dakatar da shi aka yi a watan Oktoba.

Daga ina suka fito?

Kowane harshe daga rayuwar masu shi yake ɗebo salon maganarsa. Hausa ta ɗebo daga gona da kasuwa da dawaki da fada. Turanci ya ɗebo daga wasu wurare dabam, kuma sanin wuraren na rage rabin wahalar.

Na farko teku. Birtaniya tsibiri ce, ta yi ƙarni da dama tana rayuwa a kan jiragen ruwa. Daga nan aka samu "all hands on deck", kiran da ake yi wa dukan ma'aikatan jirgi su fito lokacin haɗari, wadda gwamnoni a Najeriya ke yawan faɗa in suna neman kowa ya sa hannu. "Learn the ropes" daga igiyoyin filafilan jirgi ne, waɗanda sabon ma'aikaci sai ya san kowacce da aikinta. Yau tana nufin sanin makamar aiki.

Na biyu Littafi Mai Tsarki, musamman fassarar Turanci ta zamanin Sarki James da ta fito a 1611, wadda aka yi shekaru aru-aru ana karanta wa mutanen Ingila kowace Lahadi. "The writing on the wall" daga labarin Belshazzar sarkin Babila ne, wanda ya ga rubutu a bango yana shelar ƙarshen mulkinsa. Tana nufin alamar faɗuwa ta bayyana ƙarara. "Scapegoat" bunsuru ne da ake ɗora wa zunuban jama'a a kora shi jeji, kalmar kuma William Tyndale ne ya ƙirƙire ta a fassararsa ta 1530. Yau ana faɗinta ga wanda aka ɗora wa laifin wasu. "Wash one's hands of" tsame hannu ne daga wani al'amari, daga labarin Bilatus, gwamnan Rumawa da ya wanke hannunsa a gaban jama'a don nuna ba ruwansa da hukuncin da aka yanke wa Yesu. Bature marar addini ma yana amfani da su bai san tushensu ba, kamar yadda Bahaushe ke cewa "haƙurin Ayuba" ba tare da ya tsaya tuna ƙissar ba.

Tatsuniyoyin Girkawa na Aesop sun ba da nasu: "sour grapes", kushe abin da mutum ya nema ya rasa, "cry wolf", yawan ihun ƙarya har ranar gaskiya a rasa mai kawo ɗauki, "the lion's share", kaso mafi tsoka.

Wasanni sun ba da kaso babba. Daga damben Turawa aka samu "below the belt", naushin da doka ta hana, wato sukar da ta wuce gona da iri, da "throw in the towel", miƙa wuya. Daga tanis, "the ball is in your court": dabara ta rage gare ka. Daga ƙwallon ƙafa, "move the goalposts": sauya sharaɗi bayan an riga an yi nisa. Amurkawa sun ƙara da na wasansu na ƙwallon sanda, irin "touch base", a ɗan tuntuɓi juna, da "ballpark figure", ƙiyasi ba ainihin adadi ba. Waɗannan biyun sun fi yawa a saƙonnin ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waje.

Sai na mulki da kuɗi, waɗanda mai karanta jarida ya fi cin karo da su. "Red tape" jan zare ne da ake ɗaure takardun hukuma da shi a ofisoshin Ingila, ya zama sunan jan ƙafar ma'aikata da yawan cike-cike. "Lame duck", gurguwar agwagwa, a ƙarni na 18 laƙabi ne na dillalin hannun jari a Landan da ya kasa biyan bashi. Daga baya Amurkawa suka mayar da shi kan shugaban da an riga an zaɓi magajinsa, irin halin da shugaba mai barin gado a Najeriya ke shiga tsakanin zaɓe da ranar 29 ga Mayu. "White elephant" daga Siyam ne, ƙasar Tailan ta yau, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki, amma ciyar da ita na cinye dukiya. Shi ya sa jaridu ke kiran kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da wannan suna: an fara shi tun ƙarshen shekarun 1970, ya lashe kuɗi masu yawa, bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba.

A nan akwai abin lura. Labaran asali da ke yawo a WhatsApp da Facebook ba duka ne ke da tushe ba. Wanda ke cewa "raining cats and dogs" ta samo asali ne daga karnuka da kyanwoyi da ke zamowa daga jinkar ɗaki in ana ruwa, masu binciken tarihin kalmomi ba su sami hujjarsa ba. Ma'anar dai tabbatacciya ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Inda kamanni da Hausa ke ruɗarwa

Wani lokaci harsunan biyu kan yi gamo da katar. "Big-headed" girman kai ne, "hot-headed" zafin kai, "eat one's words" lashe amai, "turn a blind eye" kau da kai, "beat about the bush" kewaye-kewaye. Wannan dacewar ce ke sa mai koyo ya saki jiki, daga nan ya faɗa tarko.

Misali mafi nauyi shi ne "tighten your belts", wadda gwamnatoci ke faɗa duk lokacin da tattalin arziki ya shiga matsi. Hoton ɗamara ne, don haka mai fassara cikin gaggawa zai ce a ɗaura ɗamara. Amma ɗaura ɗamara a Hausa shiri ne na tunkarar aiki ko yaƙi, magana ce ta zaburarwa. Ta Turancin hoton mutum ne da ya rame saboda ƙarancin abinci har sai ya matse ɗamarar wandonsa. Abin da ake gaya wa jama'a shi ne su tsuke bakin aljihu, su rage ci, su jure rashi. Mai sauraron da aka ce ya ɗaura ɗamara bai ji cewa kwanon gidansa ne zai ragu ba.

Haka "pull someone's leg". Jan ƙafa a Hausa jinkiri ne da gangan, wanda Bature ke kira "drag one's feet". In ya ce "I am pulling your leg", zolayarka yake yi. "Break a leg" kuwa, duk da muninta a kunne, fatan alheri ce da 'yan wasan kwaikwayo ke yi wa juna kafin hawa dandamali.

Masu fassara labarai a rediyo, tun daga lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, kullum suna tsakanin zaɓi biyu: su nemo takwarar maganar a Hausa, ko su kwaso hoton Turancin yadda yake. Hanya ta farko ce ta ba da "somin taɓi" a madadin "the tip of the iceberg", tunda tsaunin ƙanƙara mai yawo a teku ba abin da mai sauraro a Sakkwato ya sani ba ne. Ta biyu ce ta shigo da "hawayen kada" da "jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya", waɗanda yanzu sun zauna daram. Wanda ya zauna shi ne wanda hotonsa ke da ma'ana a ƙasar da ya sauka.

Sanin wurin faɗa

Sanin ma'ana bai wadatar ba sai an san mazaunin maganar. "Kick the bucket" magana ce ta raha da rashin girmamawa. Wanda ya sa ta a wasiƙar ta'aziyya ya yi ɓaranɓarama, abin faɗa shi ne "passed away", kamar bambancin "ya sheƙa barzahu" da "ya riga mu gidan gaskiya". Wasu kuma sun tsufa a bakin masu harshen: littattafan makaranta na son "raining cats and dogs", amma mutumin Ingila na yau ya fi cewa "it's pouring".

Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba. A majalisar Birtaniya, da ta Najeriya da ta gaje ta, "table a motion" gabatar da ƙuduri ne don a tattauna. A majalisar Amurka kuwa jingine shi ne.

Na Najeriya: kuskure ne ko sabon salo?

Nan ne ra'ayi ya rabu. 'Yan Najeriya sun sake wa wasu maganganun fasali. Bature na cewa "cut your coat according to your cloth", a nan ana cewa "according to your size". Wajen jinjina wa mai ƙoƙari yana cewa "more power to your elbow", a nan "more grease". "Go-slow" a Birtaniya rage saurin aiki ne da ma'aikata ke yi don nuna fushi, a Legas da Kano cunkoson motoci ne. "Put to bed" a can kwantar da yaro ne ya yi barci, a nan haihuwa ce. "I am coming" da mutum ke faɗa yana fita, "ina zuwa" ce ta sanya rigar Turanci.

Ɓangare na farko, wanda ya ƙunshi malaman makaranta da yawa da masu gyaran rubutu a jaridu, na ganin waɗannan kurakurai ne. Hujjarsu ita ce amfanin Turanci shi ne a fahimce ka a ko'ina, kuma wasu sauye-sauyen na rusa ma'anar asali. Maganar riga dai kan abin hannu take: ɗinka daidai yadin da kake da shi. In aka ce daidai girman jikinka, darasin tattali ya ɓace.

Ɓangare na biyu masana harshe ne irin su Farfesa Ayo Bamgbose na Jami'ar Ibadan da marigayi David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero da ta Jos, waɗanda suka nazarci Turancin Najeriya a matsayin nau'i mai tsarin kansa. A wannan mahanga, tambayar ita ce yaɗuwa da karɓuwa: abin da masu ilimi da jaridu da alƙalai ke faɗa kuma kowa ya gane, ya wuce a kira shi tuntuɓen harshe, kamar yadda ba a kiran na Amurka kuskure. Sun sami ƙarin ƙarfi a watan Janairu 2020, lokacin da babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Najeriya, ciki har da "put to bed" da ma'anar haihuwa, "rub minds", "next tomorrow", "K-leg" da "Kannywood". Bayan shekara biyar aka ƙara wasu, ciki har da "cross-carpet", wato sauya sheƙar siyasa, wadda Birtaniya ke kira "cross the floor". Sai dai ƙamus na rubuta abin da mutane ke faɗa ne, ba ya ba hukumar jarrabawa umarni.

Akwai ɓangare na uku da ke cewa gardamar ta kauce wa abin da ya fi muhimmanci: a duk inda rai ko haƙƙi ko kuɗi ke ciki, a bar salon magana, a faɗi abu kai tsaye. A Birtaniya an kafa ƙungiyar Plain English Campaign a 1979 don matsa wa hukumomi su riƙa rubutu a sauƙaƙe, Amurka kuma ta yi doka a 2010 da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta takardun jama'a da harshe bayyananne. In masu harshen sun ga bukatar haka, bukatar ta fi ƙarfi a inda Turanci harshe na biyu ne ko na uku. Masu sukar wannan ra'ayi na cewa harshen da aka cire wa ado ba ya motsa zuciya, kuma ba za a hana ɗan siyasa ko marubuci gishirin magana ba. Ra'ayoyin biyu na iya zama tare, domin ɗaya na magana ne kan takardar asibiti da ta banki, ɗaya kan jawabi da adabi.

Abin da ya shafi mutum a rayuwar yau da kullum

A siyasa, salon magana na ba mai mulki damar sa rai ba tare da ɗaure kansa ba. Haske a ƙarshen rami bai faɗi tsawon ramin ba, bai ambaci wata ko farashin mudu ba. Jami'an Amurka sun yi ta amfani da wannan maganar a shekarun 1960 game da yaƙin Biyetnam, yaƙin kuma bai ƙare ba sai 1975. Wannan bai sa duk mai faɗinta maƙaryaci ba. Abin da yake nunawa shi ne maganar fata ce, ba alkawari mai wa'adi ba, kuma mai sauraron da aka fassara masa ita da "wahala ta ƙare" an ba shi fiye da abin da aka faɗa.

Ga masu fita aiki waje, lamarin na da fuska biyu. A jarrabawar IELTS, wadda ke auna iya Turancin masu neman aiki ko karatu a waje, ma'aunin ɓangaren magana ya ambaci iya amfani da salon magana daga maki 7 zuwa sama, wanda shi ne matakin da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ke nema a wannan ɓangare. Wannan ke sa wasu haddace jeri su riƙa cusawa ko ba wurinsu, abin da ke rage maki maimakon ƙarawa. Bayan an isa kuma, majinyaciyar da ta ce tana so ta "spend a penny" bayan gida take nema, daga zamanin da ake saka kobo ɗaya a ƙofar bayin jama'a a Ingila.

Ɗalibin sakandare ne ya fi kowa ɗaukar nauyin. Takardun Turanci na WAEC da NECO da JAMB na da tambayoyin da ake ba da jimla mai salon magana a ce a zaɓi fassarar da ta dace, kuma cikin zaɓin akan sa wadda ta bi kalmomin a zahiri, don a kama wanda bai sani ba. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Yaron da ke jin harshen a gida da talabijin na tsintar waɗannan maganganu a cikin zance, shi kuwa yaron ƙauye yakan same su ne a jere a allo, an rubuta ma'ana a gefe, babu jimla babu labarin asali, ya haddace yau ya manta jibi. Komawa koyarwa da Turanci tun aji ɗaya zai ƙara masa yawan jin harshen, amma irin Turancin da zai ji shi ne na malaminsa. In malamin da shugaban makarantar da mai gabatar da shiri a rediyo duk "more grease to your elbow" suke cewa, haka zai rubuta, mai duba takardarsa kuwa da ma'aunin Birtaniya zai auna shi.